Batirin Noreen

Matata Noreen ta rasu ta bar mini abu biyu da ban roƙa ba: kyamararta da ƙaninta Merv. Kyamarar dai tana zama inda aka ajiye ta.

A ƙungiyar masunta ta garinmu Miena, duk wanda ya faɗa tafki a tsakiyar Yuli, lokacin da hunturunmu ya fi tsanani, daga shi sai gajeren wando, shekara goma a jere, ana rubuta sunansa a allon da ke saman murhu. Shaidar ita ce hoto, ruwa har wuya. Wanda ya tsallake shekara ɗaya ya koma farko. Merv yana da saba'in da ɗaya a duniya, da hotuna tara da Noreen ta ɗauka. Na goman ya faɗo kaina.

Ƙarfe takwas muna bakin ruwa, dusar ƙanƙara har idon sawu.

"Farfesa," in ji Merv yana cire safa, "ka iya danna abin nan, ko sai ka karanta littafi a kansa?"

"Na karanta. Shiga, tumbinka yana tsorata kifi."

Ya shiga. Na danna. Kyamarar ta ƙyafta jan ido sau ɗaya ta mutu. A mota ta kwana, sanyi ya shanye batirin.

Ya fito haƙora suna kaɗawa. "Mu gani."

"Batir ya mutu."

Ya ja bargo ya rufa. "Noreen a rigar mama take sa shi."

Shekara tara ina ganin ta tana cusa hannu a ƙirji a bakin tafkin nan. Na ɗauka ƙaiƙayi ne. Ban taɓa tambaya ba, ina cikin mota da littafi.

Na sa batirin a hammata. Da yake ni mai ilimi ne, sai na ce in ɗumin ya yi wa batir amfani, zai yi wa kyamara ma. Na shige da ita mota, muka kunna hita, muka sha shayi har gilasai suka yi gumi.

Merv ya shiga ruwa karo na biyu. Kyamarar ta kama, na danna, na duba. Gilashin idonta ya yi raɓa a mota, raɓar kuma ta daskare da muka fito. Hoton fari fat, da wani jan abu a tsakiya kamar dankali a tukunya mai tururi.

"Wannan ni ne?"

"Akwai kama."

"Yayata ta yi shekara talatin da takwas da kai," ya ce cikin bargo. "Ita ya kamata a rubuta a allon."

Ban ga kuskure a maganar ba.

Muka jira awa guda, kyamara a waje kan dutse, batir a hammatata, hannuna a maƙale kamar mai karaya. Sai da ƙafarsa ta taɓa ruwa na zura batirin.

Sunan Merv yana kan allo yanzu, hoton a ƙarƙashinsa: ruwa har wuya, ido a kaina, baki a buɗe. Duk wanda ya tsaya gabansa yana gane kalmar ashar da yake faɗi, da wanda yake faɗa wa.

Batirin yana aljihun rigata na hagu. Har a lokacin zafi ban cire shi ba.