Butar da Baba Ya Kasa Gyarawa

Sau uku a wata guda Baba yana kwance murfin butar shayinmu. Irin mai fito ce idan ruwa ya tafasa, shi kuwa ya ce ta daina. Yakan zauna a kicin da ƙaramin sukudireba, ya share 'yar kafar da tururi ke fita, ya hura, ya mayar, ya ɗora a wuta. Butar ta yi ta tsala ihu har kyanwa ta bar taga, shi yana tsaye a kanta yana girgiza kai, wai kayan yanzu ba ƙarko.

Mama ta hana kowa magana. Ta ce mutumin da ya shekara talatin yana gyaran janareto da kunnensa, ya kafa bakin sukudireba a jikin inji, ya manna kunne a ƙotar ya faɗi abin da ya lalace, ba a buɗe baki a ce masa kunnen ya fara tafiya. Yayana ya ce a sayo sabuwar buta. Mama ta tambaye shi ko za ta zo da sabon kunne.

Ni ce na karanci kimiyya, sai ido ya dawo kaina.

Ranar Asabar na kai masa abinci shago. Injuna uku na ruri lokaci guda, har haƙorana na rawa. Marufin kunnen da na saya masa bara yana rataye a ƙusa, an saƙala masa mabuɗai. Na jira ya kashe injunan ya wanke hannu, sannan na ɗauki wani guntun bututu a ƙasa na roƙe shi ya kara a kunne. Ya yi dariya, ya ce yau Uwata ta zo koya wa kifi iyo, amma ya kara. Fankar shagon, in ji shi, ta sauya murya.

Idona a kan takalmina, na ce masa ramin kunne ma bututu ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma aikinsa ya ƙara wa siraran sauti ƙarfi kafin su isa ciki. Ƙarar inji ma haka yake ƙara mata. Shi ya sa siraran su ne ke fara ɓacewa.

"Wato salansa ce aka ɗaura a juye," ya ce.

Ya daɗe yana juya bututun a hannu.

"Uwata, butar nan tana fito?"

"Ba ta taɓa dainawa ba, Baba."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya tambaya, a hankali, ko 'yar waƙar da Mama ke yi ƙasa-ƙasa wajen wanke-wanke ita ma tana nan. Ya ce shekara biyu ke nan yana zaton wani laifi ya yi mata ta daina, ya rasa ta inda zai tambaya.

Na ce kullum sai ta yi. Ya so ya san ko jin da ya tafi yana dawowa. Ban yi masa ƙarya ba. Na ce da wuya, amma wanda ya rage ana iya tsare shi da marufin kunnen nan, kuma zan raka shi a gwada kunnen. Ya yi gunagunin yadda zai ji ciwon inji da kai a ƙunshe, ya ƙare da cewa zai riƙa ɗaga gefe ɗaya lokacin da zai saurara kawai. Ya miƙe ya sauke marufin daga ƙusa, ya zazzage mabuɗan a aljihu.

Da yamma Mama na wanke kwanuka, sai ga shi ya jawo kujera har gindin famfo. Ta ce lafiya? Ya ce famfon ne yake zargi da yoyo. Mama ta dube ni ta gefen ido, ta saki ruwa kaɗan-kaɗan don kada ya yi ƙara, ta ci gaba da waƙarta, ta ɗan ɗaga murya.