Ruwan Soda a Borokiri

Tun da baƙin hayaƙi ya addabi Fatakwal, Barira ba ta huta da wanki ba. A shanya farar riga da safe, kafin azahar ta yi duƙun-duƙun. Shi ya sa da maƙwabciyarta a unguwar Borokiri, Madam Ibiere, mai haɗa sabulu tana kaiwa kasuwar Mile 3, ta ce za ta koya mata, nan take ta amince.

Ibiere ta auna mata soda, ta ce a jiƙa a ruwa ya kwana ya huce kafin a zuba man alayyadi. Ta ja mata kunne cewa yana cin fata. Barira ta jiƙa a bokitin roba, ta rufe da faranti, ta tura shi lungun bayan ɗaki inda yara ba sa zuwa. Hankalinta bai kai kan Baffa Gimba ba, ƙanin mahaifin mijinta Usaini, wanda ya zo daga Yelwa don a cire masa yanar ido.

Washegari famfo ya ɗauke. Da aka kira azahar Baffa ya laluba duro bai sami ko ɗigo ba, ya bi bango har lungun, ya cika butarsa.

Barira na tsakiyar girki ta ji salati. Ta fito ta tarar da buta a kife, tsohon yana yarfe hannuwa.

"Barira, wane irin ruwa ne wannan? Santsi gare shi, ga shi yana cina!"

"Innalillahi! Baffa, kun kai baki?"

"A'a, hannu na fara wankewa."

Ihunta ya fito da Ibiere ɗauke da jarkar ruwan shanta. Suka yi ta kwarara masa har ta ƙare, sannan aka tare keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Fatar bayan hannuwansa ta saɓule.

Usaini ya iso daga kasuwa, rigarsa na warin albasar da yake saukewa. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon bandejin, sannan ya ce, "Amana aka turo mana shi. Me zan gaya wa mutanen gida?"



Likita ya ce aikin ido sai ciwon ya warke. Waya ta yi ta shigowa daga Yelwa, Usaini yana fita waje ya amsa, amma Barira na jin sunanta ta taga. Ita da a da ko haɗa ido da Baffa ba ta yi don kunya, yanzu ita ke ba shi koko a baki da cokali.

"Ki daina kukan nan," ya ce mata wata safiya. "Ni na ɗiba ban tambaya ba. Ban riƙe ki ba."

Maganar ta ƙara mata nauyi.

Sauran ruwan sodan kuwa yana nan. Barira ta so ta zubar a kwata, Ibiere ta hana, ta ce yara na wasa a wurin ba takalmi, gara a mai da shi sabulu. Suka ɗaura leda a hannu, Barira na zuba mai a hankali, Ibiere na juyawa da muciya har ya yi kauri kamar talge. Aka juye a kwali. Da ya daskare suka yanka da zare, Ibiere ta ce bayan ya sha iska zai yi kyau. Barira ta ce mata ta kwashe duka, ba ta son ganinsa a ɗakin.

Ciwon ya warke, amma yatsu biyu na hannun dama sun ƙage. Baffa ya ce ya gaji da asibiti, gida zai koma, idon ma a bar shi. Usaini ya roƙe shi har a tasha, ya ƙi.

A hankali Usaini ya dawo yana yi mata magana kamar da. Surukarta da ke Yelwa dai har yanzu ba ta ɗaukar wayarta.