Kular Tahiratu

Bargo, tulun oksijin da robarsa, ledar magunguna, carbi, sai kular koko da ƙosai a naɗe cikin takarda. Abin da Tahiratu ta rataya a bayan keken Baba Braimah ke nan. Bas ta yi nisa da su a kan University Avenue kafin tsohon ya juya wuya ya ga kular.

"Wannan kuma fa?" Muryarsa ta dushe, sai an matso ake jin sa.

"Koko."

"Gidan abinci za mu, Tahiratu. Wa ke kai koko gidan abinci?"

"Wanda ya san abin da ake sayarwa a can."

Ya yi 'yar dariya, ta juye masa tari. Ta gyara masa robar hanci, ta mayar da idonta kan taga.

Su biyun 'yan zangon Kumasi ne, amma a Morris Heights suka san juna, ƙofa na kallon ƙofa a hawa na huɗu. Shi tasi ya tuƙa a New York har idonsa ya gaza. Matarsa ta rasu, ɗansa Alkasim yana Ohio da iyali. Ita aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, ta yi musu wanka, ta ba su magani, ta dafa musu abin da likita ya yarda. Tun bayan rasuwar matar Baba, kullum da yamma takan rataya masa kula a hannun ƙofa: tuwo da miyar ayoyo, ko wake da shinkafa, ranar Juma'a da kifi. Washegari ta tarar da kular a tata ƙofar, a wanke. Duk masallacin unguwar an san Tahiratu ce ke ciyar da Baba Braimah. Ba ta taɓa faɗa da bakinta ba. Ba ta kuma taɓa hana a faɗa ba.

A makon nan asibiti suka sallame shi. Wani abu ne ya tsiro masa a maƙogwaro, ya riga ya yi nisa, suka ce a kai shi gida ya huta. Ta share masa ɗaki, ta jiƙa gero, ta tambaye shi abin da ransa ke so. Ya ce ranar Asabar ta kai shi wurin Harouna ya ci kiref, wata wainar fulawa ta Faransawa.

Ba ta san wani Harouna ba.

Shagon yana wani lungu kusa da Fordham Road, tsakanin mai gyaran waya da masu kitso. Ƙarami ne, teburansa ba su da yawa, labulen atamfa a taga, ƙamshin man shanu ya cika shi. Wasu Turawa biyu na shan kofi a kusurwa. Bayan kanta wata mace tana zuba ƙullu a kan wani baƙin ƙarfe mai faɗi kamar faifai, ta ja shi da ɗan katako, juyi ɗaya ya baje siriri, har ana hango ƙarfen ta cikinsa.

"Baba! Rahma, ga Baba ya dawo!"

Wani dogon mutum ya fito yana goge hannu, ya durƙusa gaban keken ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu. Shi ne Harouna, mutumin Maraɗi, wanda ya koyi girkin Faransawa a Yamai. Matarsa Rahma ta bar ƙarfenta ta zo da gudu. 'Yarsu Sumaya ta janye kujera daga teburin da ke jikin hita, ba wanda ya ce mata nan ne. Ta ɗauko wani kofi mai ruwan ƙasa daga can saman kanta, daban da na sauran mutane, ta ajiye a gabansa.

Wato har kofi gare shi a nan. Tahiratu ta zauna, jakarta a cinya.

"Sannu da zuwa, Tanti," in ji Rahma. "Mi za a kawo miki? Akwai na ƙwai da cuku, akwai na zuma, akwai na ayaba."

"Na ƙoshi. Ni ba na cin hankici da safe."

Harouna ya tuntsire da dariya. "Hankici! Wallahi Tanti ta ba shi suna. Bon, sai mun rubuta shi a allo."

A lokacin ne ta ɗaga kai ta ga kular. Tana kan shiryayye, tsakanin gwangwanin sukari da kwalaben zuma. Shuɗiya ce, da ɗigon jan farce a murfi, irin alamar da take yi wa kayanta don kada su ɓace a gidan suna. 'Yar'uwar wadda ta rataya a keken ce. Tun ranar da aka kwantar da Baba take nemanta.

"Waccan kular tawa ce."

Sumaya ta dubi kular, ta dubi Tahiratu, ta dafe ƙirji. "Oh my God! Mommy, it's the soup lady!"

"Ke ce Tanti Tahiratu?" Rahma ta tafa hannu. "Mai miyar ayoyo? Kai, yau mun ga juna! Yarinyar nan ba ta cin tuwo, sai naki. Dubi cikin Harouna, aikinki ne. Kullum Baba ya zo da safe da kularki, mu ɗumama mu ci, ni kuma in yi mishi kiref. Na sha ce mishi ya kawo ki mu yi godiya."

Ƙullun da ke kan ƙarfe ya fara ƙauri, Harouna ya juya da sauri ya kankare shi. Baba Braimah yana kallon titi kamar an aike shi ya ƙirga motoci.

"Tun yaushe?" Tahiratu ta tambaye shi.

"Tun azumi."

"Tun azumi. Ei, Baba."

"Ba ya wucewa, Tahiratu." Ya taɓa wuyansa. "Tuwon ba ya wucewa. Shinkafar ma."

"Bakinka ciwo yake da ba za ka faɗa mini ba?"

"Mace ta dawo aiki a gajiye ta tuƙa maka tuwo, ka ce mata me? Ba na so?"

"Ka ce in sassauta!"

Ta ji muryarta ta yi sama, Turawan nan sun waiwayo. Ta tuna yadda ta ga yana ramewa bayan sallah, ta ƙara wa tuwon gari don ya riƙe masa ciki, ta ƙara nama. Ita da ke niƙa wa wata tsohuwar Bayahudiya karas da dankali a injin kullum, tana auna kaurinsa da cokali. A ƙofar da ke kallon tata ba ta ga komai ba. Kula tana dawowa a wanke, ita kuwa tana jin daɗi.

Rahma ta kawo faranti. Kiref ɗaya ne, an ninke shi, an zuba zuma. Ta ja kujera kusa da Baba, ta yayyanka shi ƙanana kamar farce, tana tsoma kowane a shayin madara har ya jiƙe, sannan ta miƙa masa a cokali. Hannunta ya saba. Ya karɓa, ya rufe ido, ya daɗe, ya haɗiye.

"Voilà," in ji Harouna a hankali. "Ya wuce."

Tahiratu ta kwance kularta daga keken. Ta ɗauki kofin ruwan da aka ajiye mata, ta juye ruwan a tukunyar furannin da ke taga, ta tsiyaya koko, ta tura gaban tsohon.

"Sha. Wannan ai ruwa ne."

Ya dube ta. Ya ɗauka da hannu biyu ya kurɓa. Koko ne irin na zango, da citta da kanumfari da barkono, kuma yau ta cika hannu don ya ji ɗumi. Tarin da ya kama shi sai da ya tayar da Turawan tsaye. Idonsa ya yi ja, robar ta fita daga hancinsa. Ita ta tallafe shi, ta sunkuyar da shi, ta mayar da robar, don wannan aikinta ne, ba mai koya mata. Da numfashinsa ya dawo, ta ga kofin ba ya gabansa. Rahma ta matsar da shi can ƙarshen tebur.

Ya ci kusan rabin kiref ɗin. Da za su tafi Sumaya ta sauko da shuɗiyar kular.

"Ku riƙe," in ji Tahiratu. "Ta fi sabawa da nan."

A bas, da suka kusa gida, ya juyo ya dube ta.

"Kin yi fushi."

"Ni? Koraa, ko kaɗan."

"Miyarki ta fi tasu, in ma suna da miya."

"Ka yi shiru, kana ɓata iskar."

Bai ƙara cin komai ba. Alkasim ya iso ranar Litinin. Ranar Talata da hantsi, Tahiratu na jiƙa masa leɓe da auduga, ɗansa na karanta masa Yasin, Baba Braimah ya cika. Ita ta rufe tulun oksijin. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar hita.

Maza suka kai shi maƙabartar New Jersey. Mata suka cika falonta, takalma har bakin lif. Kowace ta shigo sai ta riƙe hannunta.

"Sannu, Mma Tahiratu. Allah ya ba ki lada. Ke kika ciyar da bawan Allahn nan har ƙarshe."

"Amin," take cewa.

Rahma na zaune a gefen firij da baƙin mayafi. Ta ji komai. Tahiratu ta yi ta satar kallonta, tana jira ta ce wani abu, ko da gyaran murya ne, don ta sami abin riƙewa. Matar ba ta ce uffan ba. Ta yi addu'a, ta taya wanke kofuna, ta tafi. Wannan shirun ya fi komai ci wa Tahiratu rai.

Washegari da la'asar, ana gobe sadakar uku, aka ƙwanƙwasa. Rahma ce, da shuɗiyar kular a hannu. Tahiratu ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta matsa ba.

"Tanti, ga kayanki. A wurinmu ba a mai da kwano wayam, na sa miki abu kaɗan."

"A wurinmu ma."

Ta karɓa. Da ɗumi.

"Harouna ya ce in tambaye ki. Gobe in kin yarda mu rufe shago, mu yi kiref da yawa a raba a masallaci. Tunda Baba shina so."

"Shi ya ce a yi haka?"

"A'a. Bai ce ba."

"To."

Rahma ta gyara mayafi kamar za ta tafi, sai ta tsaya. "Kin san Baba ba ya bari a buɗe kular sai ya zauna? Shi ke buɗewa. Ya shaƙi ƙamshin, ya sa ɗan yatsa a miya ya lasa. Sai ya ce, yau Tahiratu ta sami daddawar kirki. Ko ya ce, yau an ɓata mata rai a wurin aiki, gishiri ya yi yawa. In Sumaya ta rage loma ya yi ta faɗa."

"Gishirina bai taɓa yawa ba."

"Ranar nan dai ya yi, Tanti."

Tahiratu ta dube ta sosai a karon farko. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar ƙanwarta ba, da tabon ƙuna a bayan hannu. Ta so ta tsane ta, ta rasa ta ina za ta fara.

"Ki gaida Harouna. Kada ku rufe shago."

Ƙofar Baba tana bayan Rahma, a kulle, ba komai a hannunta. Tahiratu ta koma ciki ta tura tata ƙofar har ta ji ƙarar makulli.

A kicin ta buɗe kular. Kiref ne a ninke, da zuma. Ta yagi gefe ta sa a baki tana tsaye. Kafin ta tauna ya narke. Ta ja tsaki, ta yagi wani.

Sannan ta hau kujera ta sauko da tandar da ta zo da ita daga Kumasi, ta goge mata ƙura. Ta auno shinkafa ta zuba a roba, ta sakar mata ruwa.

"Masa za a raba, kuma ni zan soya," ta faɗa, ita kaɗai a kicin. Ta tsaya tana kallon ruwan yana rufe shinkafar. "Da laushi zan yi ta. Ba barkono."