Hoton Dikko na Fakku

"Ba shi ba na. Aje, ɗauko wani."

Lauwali ya sauke hannunsa daga hasken ƙofa, ya mayar da fim ɗin cikin gwangwanin biskit, ya zaro wani. Tun hantsi yake wannan aiki a zauren Ɗan'iya mai hoto, maƙwabcinsu na jikin katanga a Tambuwal. Tsohon yana kwance a kan tabarma, an tokara masa matasai biyu a baya saboda numfashi, ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi. Yanar ido ta rufe masa gani tun bara, don haka Lauwali ne ke ɗaga kowane fim yana faɗa masa abin da ya gani. Ganin ma ba sauƙi, domin a fim komai a juye yake: baƙar fuska ta koma fara fat, farar riga ta koma baƙa.

"Wannan dogo ne, Baba. Ya rungume rediyo."

"Ƙafafu za ka duba. Mutumin da nika nema ya take bayan takalman, sun yi mishi kaɗan. Hannun hagu kuma shina baya, lauje ya yanke shi."

Wata mata ce ta jawo aikin. Ranar Litinin ta zo daga Fakku, can ƙasar Kebbe, a bayan babur ɗin ƙanenta. Sunanta Zahara'u. Ta durƙusa a bakin zaure ta ce mijinta Dikko ya taɓa ɗaukar hoto a kasuwar Kebbe, makon da ta haifi 'yarsu Madina. Bayan girbin shekarar ya tafi Sakkwato aikin gini, lokacin da kuɗin mai ya sa kowa neman lebura, a hanya motar siminti da ya hau ta kife da su. Hoton da ya bari kuwa gara ta cinye shi a cikin lefe. Yanzu yarinyar ta shekara shida, an sa ta makarantar boko, ta fara tambayar yadda ubanta yake. Zahara'u ta ce ta yi ta kwatanta mata, har ita kanta ta fara shakkar ko fuskar da take kwatantawa tasa ce.

Ɗan'iya ya ce ta dawo Litinin mai zuwa. Da ta tafi matarsa Kulu ta yi ta faɗa, wai mutumin da ko masallacin ƙofar gida ba ya iya zuwa, wanda aka sallamo daga asibiti aka ce ya je gida ya huta, shi ne zai ɗauki alkawari. Fina-finan shekara talatin ne a gwangwani goma sha ɗaya, babu suna, babu kwanan wata, duk lissafinsu a kansa yake. Ɗan'iya ya aika a kira masa Lauwali.

Lauwali yana shekara ta uku a jami'a a Zariya, yana karatun zane-zane, ya zo dogon hutun damina. Ko ba a kira shi ba da ma yana da niyyar zuwa, amma da tasa bukatar. A shekarar farko ta karatunsa kunyar aikin Ɗan'iya yake ji. Tsohon yana da wani labule da yake ratayawa a bayan masu ɗaukar hoto, an zana jirgin sama mai fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo, da bene mai hawa bakwai, da kwalta shimfiɗe. Yana kuma da agogon hannu da ya daɗe da mutuwa, da rediyo marar batir, da takalma sau-ciki ƙafa ɗaya, duk na aro ga wanda yake so. Manomi ya zo da kaushi a ƙafa, ya fito a hoto kamar wanda ya sauko daga Jidda. Lauwali ya ɗauki wannan ƙauyanci ne.

Sai bana wani sabon malami ya zo musu da wata magana da ta juya masa tunani. Ya ce hoto ba ya faɗin gaskiya, kuma bai taɓa faɗa ba. Ya ce an shiga wani lokaci da babu asali, komai kwaikwayon kwaikwayo ne, mai fasahar yanzu shi ne wanda ya san haka ya kuma yi wasa da shi. Yana magana Lauwali yana tuna jirgin nan mai karkataccen fiffike. Ya ƙudurta zai rubuta takardarsa ta ƙarshen shekara a kan labulen, in ta yiwu ma ya roƙe shi ya kai Zariya ya rataye a zauren nuni. Har ya cika shafi tara kafin ya iso gida.

A rana ta biyu, suna cikin gwangwani na fuɗu, ya kwashe wannan duka ya gaya wa tsohon. Ɗan'iya ya saurara ido a rufe, sannan ya tambayi sunan da suka ba abin. Lauwali ya ce sunan Turanci ne mai tsawo, ma'anarsa kamar a ce bayan zamani.

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da Kulu ta leƙo da moɗar ruwa.

"Bayan zamani ai lahira ta, ɗana. Can na nufa. In na iske malaminku ya yi gaskiya, sai dai ba ni da wanda zan aiko."

Da numfashinsa ya daidaita ya ce shi bai san wanda ya ruɗa ba. Kowa a kasuwar Kebbe ya san ƙyalle ne, a gabansu ake ɗaure shi a jikin rumfa. Mutum ya shekara yana duƙe a gona, rana ɗaya ya so a gan shi a tsaye, shi ke nan. Ya ce jirgin ba ya ba shi wahala, mutumin ne wahala: kafin ya daina ƙifta ido, ya saki kafaɗa, ya manta da kyamara. Wani sai ka tambaye shi sunan bijiminsa na noma kafin fuskarsa ta dawo.

Lauwali ya rufe gwangwanin. Da ya koma gida ya buɗe shafukan nan tara, ya ga duk a kan labulen ya yi magana. Bai ambaci ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka tsaya a gabansa ba. Ga shi kwana biyu ke nan yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya: masu aure, masu shirin aikin soja, 'yan mata biyu riƙe da fure na roba, wani tsoho da ya ƙi cire malafarsa. Jirgin ɗaya ne a duka, har ya daina ganinsa.

Kullum bayan la'asar Malam Sambo, mahaifin Lauwali, yakan shigo da buzunsa ya zauna. Malamin zaure ne, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba sai na fasfo da zai tafi Makka, shi ma a Sakkwato ya yi don kada Ɗan'iya ya samu abin faɗi. Shekara talatin suna wannan gardama, shekara talatin kuma tuwon gidan ɗaya yana tsallaka katanga zuwa gidan ɗaya. Yanzu ba ya gardamar. Yakan dafa ƙafar abokinsa ya yi addu'a, ya kalli ɗansa yana ɗaga fim, ya ce Allah ya sa a dace.

Ranar Alhamis da walaha, a gwangwani na takwas, Lauwali ya ɗaga wani fim ya tsaya. Mutum ne matsakaici, agogo a hannun dama, hannun hagu a baya. Dugadugansa sun fito waje sun danne bayan takalman. Ya faɗa wa tsohon. Ɗan'iya ya ce ya duba ko akwai kan akuya a gefen labule, don ya tuna ranar wata akuya ta hana su sakat. Lauwali ya duba. Akwai.

Ɗakin wanke hoton yana bayan zaure, ɗan ƙarami, da taga kamar tafin hannu biyu mai murfin katako. A makaranta Lauwali da injin lantarki ya saba. A nan fitilar ƙwai ce aka naɗe da jan ƙyalle, sai faranti uku na magani. Tsohon ba ya iya tashi, sai aka jawo tabarmarsa zuwa bakin ƙofa, yana ba da umarni ta cikin katako: haɗa fim da takarda a ƙarƙashin gilashi, buɗe taga, shi zai ƙirga. Muryarsa tana yankewa tsakanin lamba da lamba. Na farko ya fito fari kamar an wanke shi da toka, maganin ya tsufa. Tsohon ya ce a ƙara ƙirge biyar. A na biyu Lauwali ya tsaya yana kaɗa farantin, ya ga gira ta fito, sannan ido, sannan mutum gaba ɗaya ya taso daga cikin ruwan yana ɗan karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa.

Ya kai wa Ɗan'iya tun bai bushe ba. Tsohon ya riƙe shi ta gefe-gefe da yatsu, yadda ya saba, ya kai kusa da hancinsa ya shaƙi ƙamshin maganin.

"Idon ya fito?"

"Ya fito, Baba. Duka biyun."

"To, alhamdu lillahi. Shanya shi a inuwa."

Ɗan'iya bai ƙara neman komai ba bayan wannan. Ranar Juma'a ya sha kunu cokali uku. Ranar Asabar bayan azahar hadari ya haɗu ta gabas bai zubar ba, iska mai sanyi tana shigowa zauren. Ya ce a juya shi ya fuskanci alƙibla. Malam Sambo yana zaune a kansa yana maimaita kalmar shahada a hankali, shi kuma leɓɓansa suna bi, har suka daina. Malam Sambo ya shafe masa ido, ya daɗe bai ɗauke hannunsa ba. Shi ya yi masa wanka, shi ya ja salla, aka kai shi kafin la'asar ta yi sanyi.

Zahara'u ba ta ji labari ba. Ta iso ranar Litinin, ranar sadakar uku, ta tarar da tabarmi a ƙofar gida da mutane ana rabon gumba. Ta tsaya riƙe da hannun 'yarta, ta so ta juya don kunya. Lauwali ya gane ta, ya sa aka shigar da ita cikin gida wurin Kulu, sannan ya bi su da hoton a cikin ambulan.

Ta yi ta'aziyya, ta goge hannunta a zani kafin ta karɓa. Ta daɗe tana kallo. Lauwali yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran ya ji abin da za ta ce game da jirgin, amma ko kallonsa ba ta yi ba.

"Agogon ba nashi ba na," in ji ta a hankali. "Takalman ma. Amma haka shika karkata kai in ana mishi magana. Na mance da wanga." Ta jawo yarinyar. "Madina, ga babanki."

Yarinyar ta kalla, ta kalli uwarta, ta sake kalla. Ta tambaya ko jirgin nasa ne. Uwar ta ce a'a, ƙyalle ne, ta duba mutumin.

Kulu, da ke zaune a kan tabarmar takaba da carbi a hannu, ta miƙa hannu a ba ta ta ga aikin da ya cinye wa mijinta kwanakinsa na ƙarshe. Ta kai hoton kusa da ido. Can ƙasa, a kan turɓayar kasuwa, daidai gaban takalman Dikko, wata inuwa ta miƙo daga wajen hoton: kai da hula mai lanƙwasa gefe guda, da gwiwar hannu biyu a buɗe, na mutumin da ya sunkuya a kan kyamara rana tana bayansa. Lauwali ya wanke hoton, ya shanya shi, ya kalle shi ya fi sau ashirin, bai lura da ita ba.

Kulu ta ɗora ɗan yatsanta a kan hular. Ta ce shekara arba'in suna tare, bai taɓa tsayawa gaban kyamararsa ba, kullum sai ya ce wa zai danna. Ta mayar wa Zahara'u hotonta, ta juya wajen Lauwali ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Akwai sauran takarda a ɗakin?"

Ya ce akwai guda biyu.

Da baƙin suka tafi ya shiga ɗakin ya kunna fitilar, ya haɗa fim da takarda a ƙarƙashin gilashi. Ya ɗora hannu a murfin tagar, ya ɗan jira. A waje ana naɗe tabarmi, wani yana kiran a kawo buta. Ya buɗe tagar, ya fara ƙirgawa da kansa.