Sunan da ke Cikin Rajista

Takardar na kan teburin shugabar makaranta, biro a gefenta. Sa hannun uwar kawai ake jira, a mayar da 'yarta ajin masu jinkirin fahimta.

"Maman yarinya, ba mugunta ba ce," in ji shugabar. "Sati shida ke nan ana kiranta a aji, ko ɗago kai ba ta yi."

Malamar ajin na tsaye jikin ƙofa, rungume da rajista. Ta ce, "Har 'yan ajin sun sa mata Kurma. Ni dai na yi iya yina."

Kalmar ta soki uwar. Jiya tana yi wa yarinyar wanka, sai ta ce mata tana dariya, "Mama, ni Kurma ce." Shekararta biyar.

Duk Asabar uwar na zuwa darasin ilimin zamantakewa, kuma makon jiya malaminsu ya daɗe a kan laƙabi. Ya ce in jama'a suka liƙa wa mutum suna, da sunan za su riƙa zama da shi, a kwana a tashi shi ma ya saka shi kamar riga. Don jarrabawa ta rubuta. Ba ta zaci za ta tarar da abin a kan tebur yana jiran sa hannunta ba.

Yarinyar na kan benci a ƙarshen ofishin, ta ba su baya, tana wasa da igiyar takalminta.

"Malama, don Allah kira ta in gani," in ji uwar.

Malamar ta buɗe rajista, ta kira sunan da ƙarfi, har sau biyu. Yarinyar ko motsi.

"To, kin gani da idonki," in ji shugabar, ta turo biron.

Uwar ta dubi biron. Amma sunan ya tsaya mata a kunne. Na takardar haihuwa ne, wanda baban yarinyar ya cike a fom. Yaushe rabon da wani ya furta shi a gidansu? Ta laluba, ta rasa.

Ƙasa-ƙasa, kamar mai raɗa, ta ce, "Tsuntsuwa."

Firgigit yarinyar ta waigo. "Na'am, Mama? Gida za mu?"

Malamar ta dubi rajista, ta dubi yarinyar.

"Ikon Allah! Kurmar da ke jin raɗa," in ji shugabar. Ta jawo takardar, ta jefa a aljihun tebur.

Uwar ba ta yi dariya ba. "Laifinmu ne, ba mu koya mata sunanta ba. Yau zan fara. Amma Malama, wancan sunan a gaban 'yan aji aka sa mata. A gabansu nake so a cire shi."

"Yanzu?"

"Yanzu. Kafin a tashi tara."

Malamar ta ari biron, ta rubuta Tsuntsuwa a gefen rajista. Uwar ta durƙusa ta ɗaure wa 'yarta igiyar takalmi, ta kama hannunta, suka bi bayan malamar zuwa aji.