Gansakuka da Labulen Falo

Mijina ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, amma ka tsinko ganye ɗaya daga tankin kifinsa na gilashi, sai ya duba maka shi kamar likita. In tsohon ganye ya koma rawaya, ya ce yunwar taki ce. In sabon tsiro ya fito a koɗe, ya ce sinadarin ƙarfe ne ya yi kaɗan. Ni dai abin da na sani, tankin nan ya cinye min rabin falo.

Da mahaifiyata ta zo zama da mu bayan an yi mata aikin ido, sai tankin ya rikice. Gansakuka ta lulluɓe gilashin, ta fito wa ganyayyakin da gemu kore shar, har sai ka matsa kusa kake hango kifayen. Na gaya masa ba ɓoye-ɓoye, ko ya gyara shi kafin ƙarshen wata, ko ya kai wa abokinsa mai shagon kifi. Ya san ba wasa nake ba.

Sai bawan Allah ya shiga kame-kame. Ya rage taki, ya yi ta canjin ruwa, ya sa tsohon buroshin haƙori yana nannaɗo gansakukar. Har dodon-koɗi ya sayo don su cinye ta, suka ci suka yi ƙiba, ita kuwa tana nan daram. Abin da ya fi ba ni haushi, mutumin da ke gane ciwon ganye tun daga bakin ƙofa, yanzu in na tambaye shi sai ya sosa ƙeya ya ce yana kan bincike.

Ranar da ban je aiki ba asiri ya tonu. Da hantsi Mama ta fito, ta yaye labulen tagar da ke gefen tankin gaba ɗaya, rana ta kwararo cikin ruwan. Ta ja kujera ta zauna tana hira da kifayen. Har suna ta raɗa musu, mai jar wutsiya Ango, mai wawason abinci Acici. Ta ce fitilar tankin ba ta kamawa sai yamma, ita kuma idon bai gama warwarewa ba, da rana kawai take ganinsu sosai. Ko ni da ban damu da harkar ba, na sha jin sa yana cewa in haske ya yi yawa, gansakuka ta samu gona.

Da ya dawo na ritsa shi a kicin.

"Ka san labulen ne, ko?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Tun farko."

"Shi ne ka bar ni ina ta masifa?"

"To in ce wa Mama me? Tun da ta zo, ban ji dariyarta ba sai a gaban tankin nan. Ganye ai yana sake tsirowa."

Daɗi ne ya cika ni, da 'yar kunya. Na ce masa tankin ba inda za shi.

Abin da suruki ba zai iya faɗa ba, 'ya tana iyawa. Na je na zayyane wa Mama komai. Ta riƙe baki, sannan ta yi ta dariya har da hawaye, tana cewa ashe ita ce annobar gidan. Shi kuma ya mayar da lokacin fitilar safe, daidai zamanta, aka saki labule. Sannu a hankali gilashi ya washe, sababbin ganyaye suka fito tas.

Da muke cin abinci Mama ta dube shi. "Kai kuma ɗana, gaba in na yi ɓarna ka gaya min."

Ya ce, "To, Mama."

Mu ukun duk mun san ba zai faɗa ba.