Sakin Layin da Wendell Macaskill Ya Tsallake

Ran Laraba da hantsi Wendell Macaskill ya kira ni ya ce in zo da alƙalamina. Na ce masa na yi ritaya, tawadar ma ta bushe. Sai ya ce, "Odile, jibi likitoci za su cire mini maƙogwaro." Na ajiye shayina na ɗauki makullin mota.

Ni nake rubuta wa mutumin nan jawabi tun yana ɗan majalisa mai wakiltar masuntan tsibirin Cape Breton, har ya zama Firayim Minista, har ranar da 'yan ƙasa suka gaji da shi suka nuna masa ƙofa. Maganganun da yara suke haddacewa da sunansa a makaranta, a teburin kicin ɗina aka haife su. Ban taɓa jin haushi ba, sana'ar ke nan. Kalma tawa, murya tasa, kuma murya ce mai sa ɗan adawa ya manta da abin da ya kawo shi. Da manyan baƙaƙe nake buga masa, in ja jan layi ɗaya inda zai numfasa, biyu inda zai tsaya a yi tafi.

Na same shi shi kaɗai a gidansa na bakin teku. Miyar kifi ta huce a kan murhu, ba a taɓa ta ba. Bangon falo cike da hotunansa yana gaisawa da shugabanni, rabinsu sun mutu, sauran ba sa kira. Na ji tausayinsa, amma ban nuna ba, don ya tsani a tausaya masa.

"Ciwon daji ne," ya ce, muryar ta ɗan dushe. "In sun gama zan rayu, amma ba zan ƙara magana ba."

"To, 'yan jarida za su huta. Sanarwa kake so, ranka ya daɗe?"

"Rhona nake so."

Rhona ita kaɗai ce 'yarsa, likitar dabbobi ce a can garin Whitehorse, ɗaya ƙarshen ƙasar. Rabonta da yi masa magana tun jana'izar uwarta. Ranar ya tsaya gaban gawar matarsa, ya hangi 'yan talabijin a bayan coci, sai ya zarce da maganar haɗin kan ƙasa. Rhona ta ce ta zo binne uwarta ta tarar da gangami. Yanzu ga shi yana so ya nemi gafararta da muryarsa kafin a raba shi da ita.

Na ce, "Ɗauki waya ka kira ta mana. Wannan ai ba aikina ba ne."

"Na gwada. Na tsaya gaban madubi, babu abin da ya fito sai 'Ya ku 'yan uwana 'yan ƙasa.'"

"Ba a fafe gora ranar tafiya, ranka ya daɗe."

"Ki rage wa'azi, tsohuwa, ki rubuta."

Na zauna na rubuta masa shafi ɗaya. Na guji duk wata kalma mai ƙyalli. A tsakiya na sa maganar da ta fi kowace muhimmanci: cewa jibi za a yi masa aiki, wannan ne karo na ƙarshe da za ta ji muryarsa. Ya karanta, ya juya takardar yana neman wani abu.

"Ina jan layin?"

"Waya ce, ba majalisa ba."

Duk da haka sai da ya shiga ɗaki ya sako kwat, ya tsaya a tsaye bayan tebur, sannan ya ce in buga lambar in buɗe sautin. Ta daɗe tana ringi. Da aka ɗauka, haushin karnuka ne ya fara shigowa.

"Baba?" in ji Rhona. "Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Ki ba ni minti kaɗan."

Ya fara karantawa. Ko a dushe, muryar nan tana nan da sauranta, har na ji tsigar jikina ta tashi a kan kalmomin da ni na rubuta ɗazu. Ya iso inda aka ce, "Na ba ƙasa ƙarfina, na kawo muku gajiyata gida." Sai ya tsaya. Ya ɗaga haɓa, ya dubi bangon hagu, ya dubi na dama. Ban ja masa layi ba, jikinsa ne ya ja da kansa.

"Baba," Rhona ta ce a hankali, "tafi kake jira?"

Ya yi gyaran murya ya ci gaba. Ina kallon babban yatsansa yana bin takardar. Da ya kai sakin layin tsakiya, yatsan ya tsaya kaɗan, sannan ya zame ya wuce ƙasa. Na miƙe ina nuna masa wurin, ya kawar da kai, ya karanta rufewa har ƙarshe.

Can Rhona ta ce, "Ka gaishe mini da Anti Odile. Har yanzu hannunta bai mutu ba."

"Rhona..."

"Ban ƙi ka ba, Baba. Amma tun ina yarinya nake sauraron Anti Odile da bakinka. Ka kira ni ran Lahadi. Ba takarda, ba kowa a ɗakin. Ko labarin ruwan sama ne ka ba ni, in dai naka ne zan saurara. Yanzu ina da kare a kan teburin aiki."

"Lahadi," ya ce. "Na yi alkawari."

Ta kashe wayar. Raina ya ɓaci.

"Me ya sa ka tsallake?"

"Ba a neman ƙuri'a da ciwo. In don tausayi ta yafe, ba ta yafe ba."

"'Yarka ce fa, ba mazaɓa ba. Sake kiranta yanzu."

"Wanda ya sauka daga mumbari ba ya komawa ya ce ya yi mantuwa." Ya cire kwat ɗin ya rataye. "Kuma kada in ji ta ji daga bakinki."

Hali zanen dutse. A aikinmu maigida ne yake sanar da labarinsa, wanda ya riga shi kuwa ya ci amana. Na kwana biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa.

Ran Juma'a ni na kai shi asibiti a Halifax. Mutumin da a da sai an tare hanya in zai wuce, ranar ni kaɗai ce a kan bencin jira, sai wani tsoho da ya kawo matarsa. Aka yi aiki lafiya.

Ran Lahadi da azahar na same shi an jingina shi da matashi, wuya a naɗe, bututu a hanci. An ajiye masa allon rubutu a gefen gado, bai taɓa shi ba. Ya nuna mini wayarsa.

Na ce, "Bari in yi mata bayani tukuna."

Ya girgiza kai. Na buga lambar, na buɗe sautin, na sa masa a hannu, sai ya nuna mini ƙofa. Na fita na tsaya a baranda, amma ban ja ƙofar ta rufu duka ba.

"Baba?" Muryarta ta fito siririya. "Ka cika alkawari. To, ina jin ka."

Ta gilashin ƙofar na ga leɓɓansa sun fara motsi. Bai dubi hagu ba, bai dubi dama ba. Magana yake yi mai tsawo, da sauri, hawaye na gangarowa cikin bandejin wuyansa.

"Ina jin ka," ta sake cewa. Ta jira. "Baba, ka yi magana mana."